Ranar Da Za A Zuba Wa Baba Siminti A Baya

Sunana Hadiza, ina koyarwa a wata firamare a Bolori, kuma ni ce mai baki a gidanmu. Ko ban faɗa ba wani zai faɗa muku. In za a je asibiti ni ake turawa gaba, wai ni na yi boko, ni ce ba na tsoron mai farar riga. To wannan bakin nawa ne ya yi gum ranar da ya kamata ya yi magana, saura ƙiris mahaifina ya cika a kan gadon aiki. Yau wata biyar ke nan. Na zauna na rubuta ne saboda duk mai tsoho a gida, wanda wata rana likita zai ce masa za a yi wa tsohon nan aiki, ya ƙara da cewa ai ɗan ƙarami ne.

Baba shekararsa saba'in da shida. Asalinsa Kano, ya zo Maiduguri yana saurayi, ya zauna a Hausari, ya tsufa yana sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road. Ni yana ce mini Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Mahaifiyarmu Kanuri ce, kowa Ya Hajja yake ce mata, har mu. Sai amininsa Ba Modu, wanda rumfarsu ke jere a kasuwa tun ba a haife ni ba. Mu ukun nan ne muka yi jinyar, sauran 'yan'uwana suna nesa, nasu waya ce da addu'a.

Abin ya fara kamar wasa. Baba ya sauko daga keke a bakin layinmu, ƙafarsa ta zame, ya faɗi zaune daɓas. Da kansa ya tashi, ya kaɗe riga, har yana tsokanar mai keken wai ya biya shi diyya. Washegari da asuba ya kasa ɗagowa daga shimfiɗa. Aka kira mai ɗori. Mutumin nan ya shafa bayan, ya ce targaɗe ne, ya sa gwiwa ya danna. Ƙarar da Baba ya yi ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Na ce wa mai ɗorin ya kwashe tarkacensa ya bar mana gida tun ina ganin girmansa.

Makon farko duk na 'yan dubiya ne, kuma babu wanda ya zo hannu rabbana. Wannan ya kawo kitsen mesa, wancan saiwa, wata ta kawo jiƙo a gorar lemo, wani ya kawo ƙwayoyi a ƙulle cikin leda ba suna ba takarda. Na samu bokiti na tattara su kaf, na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji.

"Daga yau babu mai ƙara ba Baba ko da garin kuka ne sai da sanina. Mutum ne, ba rumbun gwaji ba!"

Ba Modu ya leƙo daga zaure ya ce, "Wushe, sannu Malama. To mun ji. Allah ya ba mu haƙurin zama da 'yan boko."

Ku riƙe wannan hargowar tawa, don ku san irin mutumin da ya aikata abin da ke tafe.

Mako na biyu muka fara zaryar babban asibiti. Wanda bai taɓa ɗaukar mai ciwon baya a keke ba, ba zai gane ba. Duk ramin da aka faɗa sai Baba ya damƙe hannuna har farcensa ya shiga. Mu isa tun bakwai, mu yanki kati, mu zauna a benci har azahar, shi kuwa zama ba ya yi masa, sai mu shimfiɗa masa tabarma a baranda mutane suna tsallake shi. Aka ɗauki hoto, aka ce bai nuna sosai ba, sai an sa shi a babban injin nan da ake tura mutum ciki. Ranar da aka ba mu, injin bai tashi ba. Aka ce mu dawo Alhamis. Ran Alhamis mai injin ya tafi jana'iza. Kuɗin hoton kansa ban so in tuna, ku dai ku shirya.

Maganin da aka fara rubuta masa ya tayar masa da gyambon ciki, aka ce a daina, aka bar shi da farasitamol. Farasitamol a wannan ciwon, wallahi kamar ka yayyafa wa gobara ruwan buta ne. Ya daina barci, ya daina cin abinci, mutumin da ba ya raina tuwo. In na shiga ɗakin sai in tarar ya juya fuska bango yana salati a hankali don kada mu ji nishinsa.

A mako na uku na shiga wani kemis a Bolori bayan an tashi daga makaranta, na kwashe komai na gaya wa mai shagon. Ya dubi ƙofa, ya rage murya, ya jawo wani kati daga ƙasan kanta. Tiramol.

Wanda ba ɗan garin nan ba, zai ce to mene ne a ciki. A Maiduguri sunan nan ba a ambatonsa a gidan mutunci. Mun ga abin da ya yi wa samarin unguwa, mun ga waɗanda ake tsinta a bakin kwata, mun san su wa ake cewa suna sha kafin su yi aika-aika. A ce Alhaji, mai limanci a masallacin layi in liman ba ya nan, yana shan tiramol? Kuma 'yarsa malama ce ke sayo masa? Na karɓa na biya. Da na isa gida na ɓare ƙwayoyin na zuba a tsohuwar kwalbar bitamin, na ƙona katin a murhu. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Na ce masa maganin ƙarin jini ne.

Ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Baba ya yi barci, ya sha kunu, har ya jingina da filo ya yi hira. Ya Hajja ta ce addu'ar da aka sa almajirai suka yi ce ta karɓu, na ce ƙwarai kuwa. Ban gaya wa kowa ba, ko mijina.

Sai a mako na biyar muka ga likitan ƙashin baya, wanda sau ɗaya yake zuwa garin a wata. Ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna mana wani ƙashi guda a tsakiyar baya, ya lotse kamar gwangwanin da aka taka. Ya ce ƙashin tsufa ne, ya yi taushi, faɗuwar ta murƙushe shi. Ya ce ba za a tsaga bayan ba. Za a kwantar da Baba rub da ciki, a huda wuri biyu ƙanana, a zura allura har cikin ƙashin ana kallo a hoto, a ɗura masa wani irin siminti na asibiti ya daskare a ciki, ƙashin ya daina motsi, ciwon ya kwanta.

Ba Modu ya ce, "Siminti? A bayan Bakano? Likita, katanga ka ɗauke shi?"

Har Baba sai da ya yi dariya yana riƙe da ƙugu. Likitan ya ce aikin ba ya kai awa ɗaya, kuma ba za a sa shi dogon barci ba, don zuciyar tsoho ba ta son wannan. Za a kashe wurin da allura, a ba shi ɗan abin da zai kwantar masa da hankali, yana ji ana magana. Muka fito muna hamdala. Ni har na fara ganin Baba a tsaye.

Ana gobe aikin aka kwantar da shi a ɗakin maza. Da la'asar likitar barci, mai sa marar lafiya barci lokacin aiki, ta zo, wata mata siririya mai gilashi, ba ta da yawan fara'a. Ta auna shi, ta duba bakinsa, ta saurari ƙirjinsa. Abin da ta faɗa har yau yana kunnena: "Jikin tsoho ba ya ɗaukar abin da jikin yaro ke ɗauka. Abin da zan ba saurayi ya yi hamma kawai, in na ba Baba rabinsa zai iya mantawa da numfashi. Shi ya sa nake aunawa kamar mai auna zinariya, kuma sai na san abin da ke cikin jikinsa kafin in ƙara nawa."

Sai ta juyo gare ni da biro a hannu. "Malama, wane magani yake sha a gida?"

Gado goma sha biyu ne a ɗakin nan, kowane gado da masu jinya, ga 'yan dubiya, kowa ya yi tsit yana kallon likita. A gadon da ke kusa da mu ma wani mutumin Hausari ne da ya san Baba. Kwalbar tana cikin jakata, ina jin nauyinta a cinyata.

Na ce, "Farasitamol ne kawai, likita."

"Ba na gargajiya, ba na kemis, ba na barci?"

"Babu. Ni da kaina na hana."

Ta rubuta. Ta ce daga tsakar dare kada ya ci komai, kuma kada a ba shi kowane irin magani sai wanda ma'aikatan jinya suka kawo. Ta maimaita sau biyu. Na gyaɗa kai kamar ɗalibar kirki. Ran nan ban samu sararin ba shi ta yamma ba, ido ya yi yawa, na tafi gida na bar Ya Hajja a wurinsa.

Da na dawo ƙarfe bakwai na safe, abin da na gani ya tsinka mini zuciya. Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa na kyarma, ya cije leɓe har ya fashe. Ya Hajja ta ce haka ya kwana, ta kira ma'aikaciyar jinya sau uku, ana ce mata sai haƙuri, ai gobe za a yi aiki. Na ce ta je ta wanke fuska ta sha iska. Tana fita na ja labule. Na ce a raina, mutumin da ke wannan halin a kwance, ina ga an kifa shi an soka masa allura a ƙashi yana ji? Ƙwaya ɗaya ce, wadda ya saba sha kullum, me za ta yi? Na ɗaga kansa, na sa masa a baki, na ba shi kurɓi ɗaya na ruwa.

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya haɗiye. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Daga nan aka miƙo mini takarda, wai in je in sayo safar hannu da ruwan ƙari da wasu tarkace. Layin wurin magani ya ci mini kusan awa guda. Da na dawo na tarar da Ba Modu ya iso yana zaune a bakin gadon, Ya Hajja tana gefe da carbi, Baba kuwa ya yi luf, gumin ya tsaya, idonsa a lumshe. Wata ma'aikaciya ta ce, "Kai, Baba jarumi ne, ko ɗar babu." Ni kuwa ina ta yaba wa kaina a zuci, ina cewa da ban yi dabara ba da yanzu ana nan ana kallonsa yana shan azaba.

Wajen ƙarfe goma aka turo gadon ɗaukar marasa lafiya. A ƙofar ɗakin aiki likitar barci ta tare mu, ta sunkuya a kansa.

"Baba, ina kwana? Yau ka sha wani abu ban da wanda muka ba ka?"

Mu uku muna tsaye a kansa. Baba ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi silin.

"Babu," in ji shi.

"Na ga kana jin barci."

Na yi caraf na ce, "Ai bai runtsa ba jiya, likita."

Ta sake duban takardarta, sannan ta ce a shiga da shi. Ƙofa ta rufe.

Muka zauna a benci. Ba a yi rabin awa ba sai na ji wata na'ura tana ƙara a ciki, ƙara mai sauri ba tsayawa. Wani ya fito a guje ya wuce mu, ya dawo yana jan tukunyar iska. Na ji ana kiran Baba da ƙarfi, "Alhaji! Alhaji! Ja numfashi!" Na miƙe tsaye. Ya Hajja ta fara innalillahi.

Sai ga likitar barci a bakin ƙofa, ta janye ƙyallen bakinta, ƙafarta ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ba ta yi sallama ba, ba ta yi kwana-kwana ba.

"Me kuka ba shi? Ɗan digo na sa masa, numfashinsa ya tafi. Yanzu haka da hannu ake hura masa iska. Akwai allurar da ke karya wannan magani, akwai mai karya wancan, sai na san wanne ne. Ba ni da lokacin kunya. Me kuka ba shi?"

Ban san sanda na zazzage jakata a ƙasa ba. Na miƙa mata kwalbar ina cewa, "Tiramol ne, likita, ni ce, ɗaya na ba shi ƙarfe bakwai, mako uku ke nan yana sha, ni ce, ni ce."

Ban rufe baki ba na ji motsi a bayana. Ya Hajja ce take kwance ƙullin bakin laffayarta. Ta fito da wasu ƙananan ƙwayoyi. Na gane su, na barci ne, waɗanda aka rubuta mata tun shekarun tashin hankali da barci ya ƙaurace mata.

"Biyu na ba shi bayan asuba," ta ce. "Don kada ya ga allurar."

Na juya ina kallonta baki buɗe. Kafin in ce wani abu, Ba Modu ya cire hularsa. Daga cikin naɗin hular ya zaro wata 'yar leda da sauran ƙwaya ɗaya ja a ciki.

"Na 'yan dako ne," ya ce. "Wanda suke sha su ɗauki kwali huɗu na kifi. Da Malama ta tafi sayayya na ba shi. Na ga yana wahala."

Likitar ta karɓi ledar, ta juya ƙwayar, ta ce, "Wannan ma tiramol ne, ya ninka naki." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku uku. La'ilaha illallahu." Ta koma ciki da gudu.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba, an ce minti ashirin ne. Babu wanda ya dubi wani. Ni da na tara magungunan mutane a bokiti, ni da na yi wa unguwa guda lacca. Ina zaune a ƙasa cikin tarkacen jakata, abin da kawai ke yawo a kaina shi ne, in Baba ya tafi, me zan ce wa 'yan'uwana ya kashe shi? Ciwon baya ba ya kisa. Mu ne. Kowannenmu ya laɓe ya ba shi nasa, kowa yana ganin shi kaɗai ne mai tausayi.

Da ta sake fitowa ta ce numfashin ya dawo. Ya Hajja ta zube ta yi sujada a kan simintin baranda. Amma aikin an fasa shi, allura ɗaya ce ta fara shiga aka zare, aka juyo da shi. Likitan ƙashi ya fito ko kallonmu bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Kwana biyu Baba ya yi a ɗakin kulawa ta musamman, muna leƙensa ta gilashi. Da aka dawo da shi ɗakin maza sai wani sabon tashin hankalin: ya farka, amma ba shi ba ne. Yana ta faɗa wai motar kifi ta iso an bar kaya a rana. Yana fizge robar hannunsa. Ya Hajja ta kawo masa kunu, ya dube ta sama da ƙasa ya ce mini, "Uwata, wace ce wannan baƙuwar?" Matar da suka shekara arba'in da bakwai tare. Ta ajiye kofin ta fita, na same ta a bayan ɗaki tana kuka ba sauti. Likita ta ce hakan na faruwa da tsofaffi bayan irin wannan, yawanci yana wucewa. Yawanci. Kwana biyar muka yi a cikin wannan kalmar kafin wata safiya ya buɗe ido ya ce, "Hajja, ina carbina?"

Ba Modu kuwa ya daina shigowa. Kullum zai zo tun safe ya zauna a gindin dalbejiyar da ke bakin ɗakin, ya tambayi duk wanda ya fito yaya jikin, la'asar ta yi ya tafi. Ni da Ya Hajja muna miƙa wa juna kwano da buta ba ma haɗa ido. Na so in yi mata faɗa, na so in yi wa Ba Modu tas, amma da wane bakin?

Zan faɗi alherin likitar nan, zan kuma faɗi ƙorafina. Ita ta dawo mana da Baba da ikon Allah, kuma ba ta tozarta mu ba. Ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa ta ce, "Malama, maganin ba shi ne abin kunya ba, mu ma muna bayarwa in ya kama. Da kin gaya mini, da na san jikinsa ya saba da shi, da ban bari an yanke masa shi dare ɗaya ba. Gumin nan da kyarmar da kika gani, rabi ciwo ne, rabi rashin maganin ne. Da na tsara masa abin da zai kwana lafiya, da babu wanda ya ga abin da zai sa shi laɓewa." Na yi kuka a ofishin nan kamar yarinya.

Amma na gaya mata nawa ni ma. Na ce tambaya irin wannan ba a yin ta a gaban gado goma sha biyu. Na ce tsoho ya kwana yana murƙususu, an kira ma'aikata sau uku, amsar ita ce sai haƙuri, to wane ɗa ne zai ga haka hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba? Ban ce wannan ya wanke ni ba, bai wanke ni ba. Ta ce ta ji. Daga baya na ga tana jan masu jinya gefe in za ta yi tambayar.

Sai da muka jira wata guda cur kafin likitan ƙashi ya sake zagayowa. Wata guda Baba yana kwance, har bayansa ya fara saɓulewa, ƙafafunsa suka zama kamar sillen kara. Wannan watan mu muka jawo masa shi. Likitar barci ta karɓi ragamar maganin ciwon, tana rage masa tiramol ɗin a hankali tana haɗawa da wasu, komai a rubuce, komai daga hannun ma'aikata.

Ranar aiki na biyu na tara Ya Hajja da Ba Modu, wanda da ƙyar na jawo shi daga gindin bishiya, muka tsaya gaban likita kowa ya juye jakarsa da aljihunsa. Ba Modu har hula ya cire ya kakkaɓe ba a tambaye shi ba. Aikin minti hamsin ya ɗauka. Baba yana farke, an ce har yana yi wa likitan ƙashi bayanin yadda ake gane banda mai kyau, in ya ji zafi ya faɗa, a ƙara kashe wurin. Aka fito da shi da filasta biyu ƙanana a baya. Washegari ya zauna. Kwana uku ya taka da sanda zuwa bakin ƙofa.

Ga mai tsoho, abin da zan ce ba shi da yawa. Duk abin da ya shiga cikinsa, ko na kemis, ko jiƙo, ko na barci, ko wanda kake jin kunyar sunansa, ka ja likitan barci gefe ka faɗa masa. Ka tambayi sauran masu jinyar ma, ɗaya-ɗaya, a ɓoye, kada ka ɗauka kai kaɗai ke da zuciya. In ciwo ya tsananta kafin aiki, ka je ka tsaya a kan ma'aikata, ka yi ta magana har su gaji da kai, amma kada ka sa hannu a aljihu.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai har muka koma Hausari. Wata ranar Juma'a da hantsi, Baba yana zaune a kujera a tsakar gida ina yanke masa farce, na yi ta maza na gaya masa komai, har da kwalbar bitamin. Ina jiran ya yi mamaki.

Ya ce, "Uwata, shekara hamsin ina cikin 'yan dako. Kina ganin ban san ƙwayar nan ba? Tun ranar farko na gane ta."

Abin yankan farcen ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Baba, ka sani? To ran nan fa? Ka san Ya Hajja ta ba ka, ka karɓi nawa, ka karɓi na Ba Modu?"

"Kowa ya zo da hawaye a ido. Ban san zai kai haka ba, wallahi, na ɗauka barci kawai zan yi."

"To da likita ta tambaye ka a bakin ƙofa fa? Me ya sa ka ce babu? Da ka faɗa ai da ba a shiga da kai ba!"

Ya daɗe yana kallon hannunsa, wanda na yanke wa farce uku na bar biyu.

"In na ce na sha, za ta ce wa ya ba ka. Kuna tsaye a kaina ku uku, ga mutane." Ya ɗago ya dube ni. "Wa zan nuna a cikinku?"

Ban iya ƙarasa yanke masa farcen ba, sai Ya Hajja ce ta zo ta karɓa.